Bututun da Ban Haɗa Ba

Birnin Ƙonni, ranar Alhamis da hantsi.

Zuwa ga ɗana Nuhu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya a duk inda ka buɗe ta. Allah ya kai ku Agadas lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da sharrin mutum. Zan cusa ta ƙarƙashin tufafinka a cikin jaka, don na san halinka, ba za ka zazzage jakar ba sai ka sauka. Haka na fi so, domin ba ni da ƙarfin zama a gabanka kana karantawa.

Za ka yi mamaki, tunda ka san rubutuna bai wuce sunayen kayan mota a bayan kwali ba. Ajin yaƙi da jahilci na yi, shi ma da gemuna, saboda haka inda ka ga harafi ya karkace ka yi haƙuri da shi. Yau na rufe gareji na ce wa masu zuwa ba ni da lafiya, kuma ban yi ƙarya ba.

Ranar Talata ina alwala a tsakar gida na ji mahaifiyarka tana ɗaure maka kaya tana cewa, "Nuhu, don Allah ka bi sannu, kak ka yi gangancin yayanka." Ka ce mata, "In sha Allahu, Inna." Shekara goma sha ɗaya ke nan ina jin wannan maganar a gidana ina haɗiye ta, amma ranar nan ta ƙi wucewa. Yayanka bai yi ganganci ba. Ni na yi. Ka tashi kana ɗaukata bakaniken da ba ya kuskure, ga shi za ka shiga garin mutane da sunana a bakinka, kuma na san in ka gama karanta wannan wataƙila ba za ka ƙara kallona da idon da ba. Na yarda. Na ga yadda fuskarka ke haske in kana nuna mini motocin nan a waya, masu hawan tudun yashi suna aman baƙin hayaƙi, kuma garejin da ya ɗauke ka aikinsa ke nan, kwance injin motar daji a sake ɗaura shi da ƙarin ƙarfi. Ba zan bari ka tafi ba tare da ka san abin da wannan ƙarfin ya ci a gidanmu ba.

Kana lakwal lokacin, ɗan makaranta, ba za ka tuna motar sosai ba. Kat-kat ce, irin motar dajin nan, fara mai buɗaɗɗen baya, ta Alhaji Idi mai albasa, irin mai silinda shida da ke shan gazuwal, wato man dizal. Yayanka ne direbanta. Tana shiga ƙauyukan Malbaza ta kwaso albasa, ta haura Illela tamu ta arewa, ba ta ƙetaren iyaka ba, ta kwaso wake, duk ta hanyar da babu kwalta. Ba ta gudu, jaki ma in ya yi zuciya zai ba ta wahala, amma ba ta taɓa kwana a daji ba. Da bazarar shekarar nan injin ya gaji, yana shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi, sai Alhaji ya kawo mini ita. Ya dafa ta ya ce, "Garba, ni dai ka maishe mani ita yadda take. Albasa ba ta gaugawa."

Da na ji maganarsa, da yau ba na rubuta wannan. Amma a lokacin wani sabon bakanike ya buɗe wuri kusa da tasha, yana ɗaura wa motoci turbo, abin nan mai kama da katantanwa da ke tura iska cikin inji. Direbobi suka koma can shan shayi. Waɗanda suka rage a rumfata kuma ba su bar ni na huta ba. Ɗaya ya ce, "Garejin Garba ke nan, inda mota ka shiga tsohuwa ta hito tsohuwa mai lahiya." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma abin ya zauna mini a ƙirji. Na yi ta bin Alhaji da daɗin baki, ina ce masa motar za ta ɗauki kaya fiye da da, za ta yi sawu biyu inda take yin ɗaya, har ya gaji ya ce in yi abin da na gani. Ba don albasarsa na yi ba, don bakin mutanen rumfa na yi.

Wannan ne kuskurena na farko, kuma duk sauran daga cikinsa suka fito. In aka kawo maka inji, kafin ka ɗauki sifana ka zauna da mai motar da direbanta ka tambaya: wace hanya take bi, me take ɗauka, wane irin mai take samu a can, wa ke gyara ta in ta tsaya inda babu kai. Amsar da suka ba ka ita za ta zaɓi kayan. In ka ji zuciyarka tana son wani kaya saboda abin da za a ce a tasha, ajiye shi ka je ka sha ruwa.

Na ƙetare zuwa Sakkwato neman kaya. Mai shagon ya ajiye mini turbo biyu a kan benci, ƙarami wanda ya dace da injin, da babba wanda aka ciro daga motar da ta fi tawa girma. Mutumin kirki ne, ya nuna ƙaramin ya ce shi ne nawa. Na ce masa ni ba wasan yara na zo yi ba, na rungumi babban. Ka san abin da babban turbo ke yi wa ƙaramin inji? In motar tana tafiya a hankali barci yake yi, sai an taka mai inji ya yi kururuwa sannan ya farka gaba ɗaya. A kwalta abin sha'awa ne. A cikin yashi kuwa, inda ake son mota ta ja a hankali kamar sa mai huɗa, sai ta yi sanyi lokacin da ake buƙatarta, sannan ƙarfin ya zo mata a guje tayoyi su haƙa rami. Motar daji ba gudu take nema ba, ja take nema tun daga ƙasa. Ka zaɓi abin da ke farkawa da wuri, ko da abokan aikinka za su ce ƙarami ne.

Piston kuma na sayi sababbi masu ƙyalli cikin kwali mai kyan zane, ban tambaya ko an yi su don zafin turbo ba. Lagireto na bar tsohon, na ce ai ba ya yoyo. Kuloci ma na bar shi. Sannan na buɗe famfon mai na ƙara masa, don in ga hayaƙin nan da samari ke tafa wa. Ban tsaya na tuna ba cewa gazuwal ɗin da motar ke sha a ƙauye na jarka ne, wani da ruwa, wani an sirka shi da kananzir, tsohon injin yana haɗiyewa bai ce uffan ba, sabon kuwa ba zai yafe ba. Nuhu, inji gida ɗaya ne. In ka ƙara wa ɗaya ƙarfi ka ɗora wa sauran kaya, kuma wanda ya fi rauni shi zai fara faɗi. Ƙarfi zafi ne, saboda haka kafin ka sayi abin da ke ƙara wuta ka fara sayen abin da ke sanyaya ta. In mai mota ba zai iya sayen duka ba, ka mayar masa da injin yadda masu ƙera shi suka yi, babu abin kunya a ciki.

Ranar da na tada shi, kai, na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Na ɗauki hanyar Malbaza ni kaɗai, babu kaya a baya, ina wuce manyan motocin siminti ɗaya bayan ɗaya, direbobinsu suna leƙowa. Na dawo na shigo gari da ƙara, masu kabu-kabu suna kaucewa. Mutanen rumfa suka tashi tsaye. Wanda ya yi mini ba'a ya ce, "Ashe tsoho na da sauran haƙora!" Na ce aiki ya yi. A kwalta na gwada motar da rayuwarta duk a yashi da laka take, kuma babu ko buhu ɗaya a kanta. Ka gwada mota a inda za ta yi aiki, da nauyin da za ta ɗauka, da rana tsaka.

Yayanka ya yi sawu biyu da ita. Da ya dawo na biyu ya jira har mutane suka ragu, ya zo ya durƙusa gefena ina wanke hannu, kansa a ƙasa. Ya ce, "Baba, allurar zahi tana hawa in mun shiga rairayi da kaya. Kuma ga tudu sai ta yi kamar ba ta so, sannan ta hizge." Ban ko dube shi ba. Na ce, "Ƙahwarka ta ke da nauyi. Koyi tuƙi." Ya ce, "To, Baba," ya tashi. Shekara shida yana tuƙa motar nan, ya san numfashinta fiye da yadda na san nawa, amma na watsar da maganarsa don ta taɓa aikina. In direba ya ce maka mota ta canza hali, ka ajiye abin da ke hannunka ka saurare shi, ko da bai san sunan ƙarfe ɗaya a cikinta ba. Kai kwana uku ka yi da ita, shi a cikinta yake wuni.

Yanzu na zo wurin da hannuna ba ya son rubutawa.

Ka san bututun nan da ke hawa gefen gilashin motocin daji har ya kai saman kai. Ta nan inji ke shan iska, shi ya sa mota ke iya shiga ruwa har ya rufe tayoyi ba ta mutu ba. Daga gindin bututun iska ke shiga akwatin matata mai tace ƙura, daga nan ta wuce inji. Maganar yayanka ta dame ni ko da na ƙi nunawa, sai na ƙudura cewa akwatin ne ke shaƙe turbo. Ran da zai yi sawu na uku na sa ya kawo motar da sassafe, na aike shi ya karya kumallo. Na cire akwatin gaba ɗaya, na ɗaura wata buɗaɗɗiyar matatar iska da na sayo, na sauke ta can ƙasa bayan ƙarfen gaba, inda na ce iska ta fi sanyi, kuma nan ne kawai ta sami wuri. Tsayinta daga ƙasa bai kai gwiwata ba. Bututun waje kuwa na bar shi a inda yake, don in na cire shi zai bar rami a jikin mota, kuma yana yi mata kyau. Duk wanda ya dube ta daga waje zai ce tana shan iska ta sama. Na ce a raina in ya dawo zan sa mai walda ya lanƙwasa mini ƙarfe in haɗa su, ai damina ba ta sauka ba tukuna.

Na duba mai da ruwa da kaina na rufe bonet. Da ya dawo na miƙa masa makulli na ce, "Na duba komi, tahi." Tunda uba ya ce ya duba, ɗa ba zai sake buɗewa a gabansa ba. Ya tada mota, ya ja har bakin ƙofa, sai abin ya faɗo mini: ban gaya masa ba. Na ɗaga hannu na ce, "Kai!" Mutum uku a rumfa suka juyo, shi bai ji ba saboda ƙarar inji. Da na kira sunansa da ya ji, don mutum yana jin sunansa ko cikin kasuwa. Amma ɗan fari ne. Tun ran da aka raɗa masa suna ban taɓa furta shi ba, haka na ga ubana ya yi da babban wanmu, haka aka san mutum mai kunya. Sha'aibu. Ga shi na rubuta, yau ne farko. Ranar nan bakina ya buɗe ya rufe, motar ta fita.

Na daɗe ina ɗora wa kunya laifin, amma ba ita kaɗai ba ce. Da na bi shi da gudu da mutanen rumfa sun tambaya, da sun ji cewa aikin da suka tafa wa rabi ne. Da waya a aljihuna wunin nan duka, ban kira ba. Na dubi sama na ga fes take. Ni da shi ba mu saba hira ba, magana tsakaninmu ba ta wuce "tahi" da "to", kuma na ɗauka wannan ne mutunci. Kwana biyu bayan haka da la'asar na ga gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Nan na ciro waya, na kira har yatsana ya gaji, amma inda yake babu layi.

Kada kunya ko girma su hana ka faɗin abin da ka taɓa a cikin mota. Duk abin da ka cire, duk abin da ka matsar ko da taƙi ɗaya ne, ka kamo hannun direba ka buɗe bonet ka ɗora yatsansa a kai. Kada ka bar wani abu a jikin mota yana nuna aikin da ba ya yi. Kada kuma mota ta bar hannunka da "in ta dawo zan ƙarasa". In Allah ya ba ka ɗa, ka yi masa kunyar da ta dace a gaban mutane, amma ka riƙa magana da shi.

Washegarin hadarin nan aka aiko. A wata ƙorama tsakanin Tajaye da Illela abin ya faru. Da na isa ruwa ya janye, motar tana kwance a gefenta, yashi ya cika ta, an riga an samo yayanka can ƙasa cikin itatuwa an lulluɓe. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tsaye ban san abin da nake kallo ba, sai wani dattijo mai amalanken jaki ya matso kusa da ni. Ya ce, "Kai na uban direban?" Na ce ni ne. Ya ce, "Allah shi jiƙanai. Ina nan bakin ruwa ina jira sa'adda yaz zo. Yaron ga bai yi gaugawa ba. Ya sauka, ya naɗe wando, ya shiga ruwan da ƙahwatai har tsakiya, ga cinya yat tsaya mai. Ya komo ya dubi bututun ga na sama, har ya buga shi da hannu, sannan yash shiga mota."

Haka na koya masa. Ruwan cinya ba komai ba ne ga motar nan, ta ƙetare wanda ya fi shi ba sau ɗaya ba.

Dattijon ya ce suna kaiwa tsakiya injin ya yi tari ɗaya ya ɗauke. Akwai mata biyu da wani tsoho a kan kaya, yayanka ya goyo su ɗaya bayan ɗaya ya kai gaci. Ya ce, "Munka ce mai shi bar motar, ana ruwa gabas, kan ruwa na tahe. Yac ce muna, 'Injin Baba ba shi mutuwa hakanan, akwai abin da yas saki.' Yak koma ya buɗe gaban motar. Na ga ya tsaya shina kallon ciki, bai taɓa komi ba, ya daɗe hakanan. Muna ta kiranai. Sai ruwa ya iso da itace da komi."

Na san abin da ya tsaya yana kallo. Ya ga gindin bututun a buɗe, babu abin da ke haɗe da shi. Ya gane. Kullum in na rufe ido a sallah wannan tsayuwar nake gani, kuma ban san abin da ya ce a ransa game da ni ba.

Jandarma suka zo suka rubuta abin da suka gani, mota mai bututu a cikin ƙorama, direba ya shiga ruwa. Mutane suka ce ƙuruciya ce, sabon inji ya ruɗe shi. A zaman makoki ina zaune a kan tabarma ana cewa, "Yaran yanzu ba su da haƙuri, Allah dai shi gahwarta mai." Ina amsawa da amin. Aka jawo motar zuwa garejina, na buɗe injin na tarar da ruwa a cikin silinda, sandar piston ɗaya ta lanƙwashe. Ranar Juma'a da kowa ya tafi masallaci na zauna ni kaɗai na cire sabuwar matatar, na mayar da tsohon akwatin, na ɗaure shi da bututun tsaf kamar ba a taɓa raba su ba. Aikin bai kai tsawon huɗuba ba. Abin da ya rage in yi wa ɗana yana raye ke nan, na yi shi don in rufa wa kaina asiri. Har Alhaji Idi ya rasu yana yi mini ta'aziyya duk inda muka haɗu, yana cewa da ya sani da bai ba yaro mota mai ƙarfi haka ba.

Wannan ne mafi muni a cikin kurakuraina, domin sauran cikin rashin sani da girman kai na yi su, wannan kuwa da idona biyu. Na bar mamaci ya ɗauki kayana saboda ba ya iya magana. Tun daga ranar ban sake ɗaura turbo ba, kuna tsammani tsufa ne ko taurin kai, har kana yi mini dariya kana cewa Baba ya tsaya a zamanin da. Ba na ce maka turbo haram ne ba. Ka ɗaura shi in aikin ya nema, ka ɗaura wanda ya dace, da piston ɗinsa da lagiretonsa, iskarsa kuma ta fito daga sama, a can ƙura ma kaɗai ta isa dalili. Amma za ka yi kuskure wata rana, duk mai riƙe sifana yana yi. Ranar nan ka faɗa da bakinka tun kafin a tambaye ka. Zafin faɗin na wuni ɗaya ne, na ɓoyewa kuwa ga ni nan ka gani.

Jiya ka ga idon mahaifiyarka ya kumbura, ka ɗauka kukan tafiyarka ne. Ba shi ba ne. Bayan la'asar da ka fita sallama da abokanka na same ta tana tsince wake a tire, na zauna a ƙasa na faɗa mata duk abin da na rubuta maka, ban rage ko Juma'ar ba. Hannunta ya tsaya a cikin waken. Na jira ta zage ni, ko ta ce in kai ta gidansu, wallahi da ta yi da na ji sauƙi. Sai ta ce, "Malam, ke nan ya auna ruwan?" Na ce ya auna. Ta ce, "Da ƙahwatai?" Na ce da ƙafarsa, har tsakiya. Ta ce, "Shekara goma sha ɗaya ina roƙon Allah shi yahe mai wauta." Ta ajiye tiren ta shiga ɗaki.

Tun lokacin ba ta yi mini magana ba. Ta ajiye mini tuwo inda ta saba, ta kawo ruwa, amma ba ta dube ni ba. Yau da safe ta ɗauki mayafi ta fita. Ina zaune nan ƙanwarta ta aiko tana tambaya ko lafiya, wai mahaifiyarka ta je gidanta, ta je gidan maƙwabta, ta shiga har gidan marigayi Alhaji Idi, ko'ina magana ɗaya take faɗi: yaronta ya auna ruwan kafin ya shiga. In an tambaye ta to me ya faru, sai ta gyara mayafi ta wuce gida na gaba. Ba ta ambaci sunana ba ko sau ɗaya.

Rabin da ta bari nawa ne. Jibi in na raka ka tasha motarku ta tashi, ba gida zan koma ba. Zan shiga rumfar direbobi, wasu daga cikin waɗanda suka tafa mini suna nan har yanzu, in zauna in faɗa musu. Kafin ka buɗe takardar nan an riga an ji a Ƙonni. Wataƙila garejin ya mutu, wataƙila in ka ce kai ɗan Garba ne a yi maka wani kallo, kuma ina baƙin cikin wannan nauyin da na ɗora maka kana shirin fara rayuwarka. Ba zan ce ka yafe mini ba, ban da bakin. In ka ji ba ka iya kirana na wani lokaci, ba zan yi fushi ba, amma ka riƙa kiran mahaifiyarka. Abu ɗaya nake roƙo, duk wanda ya ce a gabanka yayanka ya yi ganganci, ko wane ne shi, ka gaya masa ya sauka ya auna, kuma ya fitar da mutum uku a bayansa.

Allah ya jiƙan Sha'aibu, ya haskaka makwancinsa, ya sa ruwan nan ya zame masa shahada. Allah ya tsare mini kai a hanya da masauki, ya haɗa ka da maigida mai tsoron Allah, ya sa albarka a hannunka, ya sa duk motar da ka taɓa ta kai mutanenta gida. Allah ya sa in ka dawo ka same mu da rai, ko da ba za ka zauna kusa da ni ba. Amin.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Garba.